Buhunan Wake a Ɗakin Inna

Turanci nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo, kuma a duk abin da manhaja ta ɗora mini babu mai ba ni ciwon kai kamar salon maganar Turawa. A shekarar da abin nan ya faru, farkon shigowar sanyi, mun iso kan irin maganganun da suke yi in mutum yana cikin haɗari. Na rubuta "on thin ice" a allo, na ce wa yara in Bature ya ga mutum yana ganganci da ransa, sai ya ce wai yana tafiya a kan ƙanƙarar da ba ta yi kauri ba. Aji ya kwashe da dariya. Su ƙanƙarar da suka sani ita ce wadda ake fasawa a zuba a zoɓo, to wane mahaukaci ne zai hau kanta yana tafiya? Na bi na yi musu bayani, a ƙasarsu tafki yakan daskare mutane su riƙa bi ta kai, in aka taka wurin da bai yi kauri ba sai ya rufta da mutum. Na ƙara musu "playing with fire", wasa da wuta ke nan. Wannan kam nan take suka gane, don kowacce ta taɓa ƙona yatsa a murhu.

Wata doguwa da ke zama can baya, mai shegen surutu irina, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, su me zai hana su fito fili su ce mutum zai mutu? Sai an zagaya ta ƙanƙara da wuta?"

Na ce, "Ke a gidanku kina iya duban babarki ki ce mata za ta mutu?"

Ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi, Malama!"

Na ce, "To su ma mutane ne."

Amsar nan ta yi mini daɗi, har sai da na maimaita ta a ofishin malamai aka yi dariya. Ranar Asabar na shirya na tafi gida gaishe da Inna.

Ƙauyenmu yana gaba da Dugabau a ƙasar Kabo, kuma ni ce auta. Baba ya daɗe da rasuwa, Yaya ne ke riƙe da gidan. Shi kaɗai ne namiji a cikinmu, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya tsaya kai da fata na yi karatu lokacin da dangi ke cewa boko ya isa haka. Manomi ne na gaske, mutum mai zuciya, ba ya son a nuna masa yadda zai yi abu. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, abu ba ya kwana a cikina. Tun ina ƙarama muke karawa da shi, mu shirya.

Yaya ya gina wa Inna ɗaki na bulo, da daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, babu irinsa a gidan. A nan take kwana da 'yar Yaya, wata ƙaramar yarinya da aka sa wa sunan Innar, shi ya sa kowa ke ce mata Takwara. Kullum tana manne da kakarta, kwano ɗaya suke ci, bargo ɗaya suke rufa.

Na yi sallama na shiga, na durƙusa muka gaisa. Inna ta tambayi maigidana da yara da makaranta da maƙwabta, har akuyar da na taɓa ce mata ta ɓata sai da ta tambaya. Ina amsawa amma hankalina yana wani wuri, don tun daga bakin ƙofa wani wari ya bugi hancina, kamar tafarnuwar da ta ruɓe. Buhunan wake ne jibge daga bayan ƙofa har gindin taga, sun cinye rabin ɗakin, gadon Inna yana jingine da su. Tagar an toshe ta da tsumma saboda sanyi. A ƙasa kuwa, kusa da buhunan, ga kyankyasai nan sun juya ciki sama, ga wata tsaka ta sandare.

Na ce, "Inna, an sa wa waken nan magani ne?"

Ta ce, "Yayanki ya sa masa wannan ƙwayar, bom. Kai, abin nan da aiki yake! Tunda aka kawo buhunan nan ko kukan sauro ban ƙara ji ba."

Ƙwayar nan kowa ya san ta a kasuwa, toka-toka ce, a gwangwani take zuwa. Ana ƙulle ta a tsumma a cusa cikin buhu, sai ta riƙa fitar da wata iska da ke kashe ƙwarin wake. Malamin aikin gona na makarantarmu ya sha gaya mana cewa iskar nan ba ta san ƙwaro ba, ba ta san mutum ba, kuma ko kaji ba a bari su kwana inda aka sa ta. Na tambayi Inna ko tana jin wani abu a jikinta. Ta ce babu komai, kanta ne dai ke ɗan sarawa da safe, Takwara ma jiya ta yi amai, amma ai sanyi ne.

Na san da wa zan yi magana, kuma na san halinsa, don haka na lallaɓa. Na same shi a zaure yana cin ɗumame, na durƙusa daga gefe, na yi masa barka da kaka, na yaba waken. Sannan na ce, "Yaya, na ga ɗakin Inna ya ɗan matse. Ba a mayar da buhunan nan sito ba?"

Ya ce, "Siton da aka fasa bara? Kin manta abin da ɓarayi suka yi mini? Ɗakin Inna ne mai ƙofar ƙarfe, kuma Inna ba ta da nauyin barci."

Na ce, "Na ɗan ji wari ne."

"Warin magani ne, zai fita."

Na ce, "Akwai wani malamin aikin gona a wurinmu, yana cewa ƙwayar nan ba ta son ɗakin da ake kwana."

Ya ɗago ya dube ni yana murmushi. "Malamin naku ya taɓa ganin yadda ƙwari ke mayar da buhun wake gari? Kowa a garin nan haka yake yi, Auta. Je ki ci abinci."

Na zagaya ta nan, na zagaya ta can. Na ce a dai yi hattara. Na ce tsofaffi jikinsu ba ya ɗaukar abin da namu ke ɗauka. Na ce da can ai da toka da barkono Inna ke ajiye wake, kuma yana kaiwa bazara. Duk ya ji, ya wanke hannunsa, ya tashi ya shige cikin gida. Na bi shi tsakar gida raina yana tafasa. Matarsa tana tankaɗe a gindin turmi, maƙwabta biyu suna taya ta, Inna tana zaune a tabarma tana tsefe wa Takwara kai. A gabansu duka na buɗe baki na ce, "Wallahi Yaya, in ba a fitar da buhunan nan ba, za a wayi gari a tarar da gawar Inna da ta yarinyar nan a ɗakin can!"

Matar Yaya ta saki rariya, ta fizgo 'yarta ta rungume. Inna ta yi tofi gefe ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Ni kike wa fatan mutuwa, da jikata?"

Wanda bai tashi a wurinmu ba ba zai gane girman abin da na yi ba. Mu ba a ambaton mutuwa a kan mai rai, balle a kan yaro. In ka ga yaro a bakin rijiya, cewa za ka yi matso nan, ba za ka ce zai faɗa ba. In mutum zai hau babur ɗin da ba shi da birki, sai ka ce Allah ya kiyaye hanya. An ɗauka abin da baki ya kira yana jin kira. Na san wannan sarai, a cikinsa na girma. Amma ina ganin tsakar nan a sandare a gindin gadon uwata, kuma na gaji da lallashi.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ɗauki jakarki ki koma gidan mijinki." Ba ya kirana Malama sai ransa ya ɓaci matuƙa.

Kafin in tafi na bi Inna ɗaki. Na riƙe ƙafarta ina kuka, na ce ta yafe mini, amma ta zo mu tafi Gwarzo ko na ɗan lokaci ne, har warin ya fita. Ta janye ƙafarta. Ta ce, "Da a ce ba ki yi maganar nan a gaban mutane ba, da sai in ce na je ganin jikoki. Yanzu in na bi ki, na shaida wa gari ke nan cewa ɗana yana neman kashe ni. Ba zan yi masa haka ba."

Na ce to ta koma ɗakin matar Yaya ta riƙa kwana. Ta dube ni kamar na zautu. "Ni in kwana a ɗakin surukata? Karatun naki bai bar miki kunya ba ko kaɗan?"

Na ce to a cire tsumman taga, a bar ƙofa a buɗe. Ta ce sanyi zai kama ƙashinta, kuma in an bar ƙofa a buɗe mene ne amfanin ajiye waken a nan. Na miƙe na cire tsumman da hannuna. Tana kallona, kuma na san ina fita za ta mayar.

Na kai bakin hanya ina jiran ɗan acaɓa sai ga matar Yaya ta biyo ni da sauri, tana jan Takwara, da 'yar leda ta kaya a hannu. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Ban yafe miki abin da kika faɗa a kan 'yata ba. Amma tafi da ita. Zan ce masa ɗinki za ki kai ta a auna ta." Ta juya ta koma ba ta jira na ce komai ba. Haka na ɗora yarinyar a gabana, kanta rabi a tsefe, muka taho.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Inna ba ta da waya, sai dai in kira matar Yaya, ita kuma amsarta ɗaya ce, lafiya lau, ta kashe. Na kira Kawu, ƙanin Inna da ke Kabo, na gaya masa komai. Ya ce zai yi wa Yaya magana, amma sai na fara zuwa na ba da haƙuri, don labarin abin da na faɗa ya riga ni isa wurinsa. Na ce, "Kawu, a fitar da buhunan tukuna, in ya so in zo in kwanta a ƙasa a taka ni." Ya ce ai kin ji, wannan bakin naki shi ne matsalar. Maigidana ya nemo irin buhunan nan masu leda a ciki, waɗanda ba sa bukatar magani, muka ba wani direba ya kai wa Yaya. Washegari direban ya dawo mana da su a naɗe yadda muka ba shi.

A makaranta kuwa darasin bai ƙare ba, dole na ci gaba. Ina tsaye ina koya wa 'ya'yan mutane yadda Bature ke cewa an tsallake rijiya da baya, da yadda yake cewa mutum ya sa kansa a bakin zaki, suna kwafa suna hamma. Wallahi ji nake kamar in jefar da allin in fita da gudu. Takwara kuma kullum da yamma sai ta tambaye ni yaushe za a gama ɗinkin ta koma wurin Inna.

Wata safiya muna filin taro, yara suna jere, wayata ta yi ƙara. Matar Yaya ce, kuma wannan karon ita ta kira. Ta ce Inna ba ta fito alwala ba, sun yi ta bugu shiru, sai da Yaya ya sa gatari ya ɓalle ƙofar. Sun same ta a ƙasa ta yi amai, tana numfashi da ƙyar. Sun sa ta a mota, suna hanyar asibiti a Gwarzo. Ban nemi izinin kowa ba, ban ma san na bar jakata a ofis ba sai da aka aiko mini da ita gida.

Na tarar da Yaya a tsaye a baranda, rigarsa duk ta ɓaci, ko hula babu a kansa. Bai dube ni ba. Likitan wani matashi ne mai sanyin murya, ya fito ya tambaya da Hausa me ta ci, me ta sha. Yaya ya ce babu komai, sanyi ne ya kama ta. Na ce, "Likita, a ɗaki ɗaya take kwana da buhunan wake, an sa musu bom, taga a toshe." Ya ɗan rufe ido, ya juya ya koma ciki da sauri.

Sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan faɗa ko a gaban waye. Bayan azahar likitan ya sake fitowa. Wata ma'aikaciya ta gaya masa ni malamar Turanci ce, don haka sai ya fuskance ni ya juya harshe. Ya ce numfashin ya ɗan daidaita, amma zuciyar ce abin ji. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "She is not out of the woods yet." Maganar tana cikin waɗanda nake koyarwa, wai mutum bai fita daga daji ba tukuna, ma'ana da sauran haɗari. A aji nakan ce wa yara magana ce mai ɗauke da fata, tunda ana sa ran fitar. Amma na ga yadda ya ƙi haɗa ido da ni, na gane abin da yake zagayewa.

Yaya ya matso. Karo na farko ke nan da ya yi mini magana tun ranar Asabar ɗin nan. Ya ce, "Me ya ce?"

Na dubi fuskarsa. Ni da ake cewa abu ba ya kwana a cikina, na ce, "Ya ce a ci gaba da addu'a."

Da yamma Inna ta buɗe ido. Na sunkuya kusa da ita, ta daɗe tana kallona kafin ta gane ni. Ta ce, "Takwara fa?" Na ce tana gida lafiya lau, tana wasa da yara. Ta ce, "A ƙarasa mata kitson." Ta nemi Yaya da ido, ya durƙusa ya kama hannunta, ta ce masa, "An gyara ƙofar? Kada a bar maka waken a buɗe." Yaya ya kifa kansa a bakin gadon. Washegari kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa.

A wurin zaman makoki kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na yarda da ajali, Musulma ce ni, babu wanda zai wuce ranarsa. Amma babu mutum ɗaya da ya ambaci ƙwayar nan. Buhunan an kwashe su an jibge a zaure tun kafin a kawo gawa, ban san wa ya kwashe ba, kuma babu wanda ya tambaya. Abin da ake ta raɗa a kai shi ne bakina. Ina ji ana cewa ita ce ta faɗa, a tsakar gida, da rantsuwa, har ta ɗauke yarinyar. Wata mata da muka yi wasan ƙasa tare, ɗanta ya rarrafo wurina, ta yi wuf ta ɗauke shi. Gwaggo ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Ke dai ki riƙa kama bakinki, 'yar nan. Ba a ce ke kika yi ba, amma kin ga dai."

Na ce, "Gwaggo, na ga me?"

Ta ce, "Au, za ki fara ko?"

Na yi shiru, don gawar uwata ko sanyi ba ta yi a kabari ba. Amma raina ya ƙuna irin ƙunar da ban taɓa ji ba. Ban yarda bakina ya kashe Inna ba, ba zan taɓa yarda ba. Yaya kuwa har aka tashi daga makoki bai ce mini ci kanki ba. Na koma Gwarzo, Takwara tana wurina, babu wanda ya aiko a mayar da ita.

Sai da sanyi ya fara ja baya, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Yaya ne. Ya rame, gemunsa ya yi fari fiye da yadda na san shi. Maigidana ya shigo da shi falo, suka gaisa, ya ba mu wuri. Na kawo ruwa na durƙusa, na gaishe shi, ya amsa a gajarce. Takwara ta rugo ta faɗa jikinsa, ya shafa kanta ya ce ta je waje ta yi wasa. Na haɗa kayanta a raina, na ce ɗaukarta ya zo yi, kuma na shirya jin duk abin da zai ce a kan bakina.

Ya daɗe yana juya kofin ruwan bai sha ba. Sannan ya ce, "Auta."

Na ce, "Na'am, Yaya."

"Ke da kika iya ɗauke yarinya, me ya sa ba ki ɗauke Inna ba?"

Na ce, "Na roƙe ta, Yaya. Har ƙafarta na riƙe. Ta ce ba za ta kunyata ka ba."

Ya ce, "Da kin ja ta. Da kin kira 'yan sanda sun kama ni. Da kin sa wa buhunan wuta." Muryarsa ta karye, ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Yaya ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ya ce, "Ni na ƙulle ƙwayar nan da hannuna. Inna ce ta yago mini tsumman daga tsohon zaninta."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa muka yi ta kuka, ruwan yana ajiye.

Da ya tashi tafiya na ce bari in ɗauko kayan Takwara. Ya girgiza kai. Ya ce, "Bar ta a wurinki, ki sa ta a makaranta. In ta koma, ɗakin nan za ta nufa da gudu tana kiran Inna, ni kuma ba zan iya tsayawa in gani ba."

Ya tura babur ɗin har bakin titi kafin ya tayar, don kada ta ji ƙararsa ta fito.